Sarkin Zamfara Biyu: Tarihin da Ke Cikin Sunayen Sarautun Zurmi, Ƙauran Namoda da Shinkafi

Duk wanda ya natsu ya saurari sanƙira yana jero sarakunan Zamfara a wurin taro zai ji abin da ya isa ya tsayar da shi. Sarkin Zurmi sarautarsa ita ce Sarkin Zamfara. Sarkin Anka, can kudu maso yamma, shi ma Sarkin Zamfara ne. Na Ƙauran Namoda ana kiransa Sarkin Kiyawa, alhali Kiyawa wani gari ne daban. Na Moriki Sarkin Burmi ne. Shinkafi kuwa ta daɗe a ƙarƙashin Isa, wadda mai mulkinta ke amsa sunan Sarkin Gobir, ko da yake gidan sarautar daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fito. Hatta a Gusau, babban birnin jihar, Sarkin Katsina ne ke kan karaga.

Waɗannan sunaye kundi ne da ake karantawa da baki a kowace rana ba tare da an lura ba. Kowannensu ya taso ne daga wani yaƙi, ko ƙaura, ko yarjejeniya, kuma idan aka jera su sai a ga yadda al'ummu suka yi ta hawa kan juna a ƙasa guda. A wannan zamani da labarin Zurmi da Shinkafi ya koma na kisa da satar mutane, kuma mutane da yawa suka gamsu da bayanin cewa faɗan Hausawa da Fulani ne kawai, ya dace a buɗe wannan kundi. Abin da ke cikinsa shi ne: arewacin Zamfara ƙasar bakin iyaka ce, mai ni'ima, wadda kowa ke sha'awa. Ta zauna lafiya a duk lokacin da aka yi tsari a kan gona da ruwa da hanya, aka kuma sami hukuma a kusa mai tsare wannan tsari. Duk sa'ad da ɗayan biyun ya kau, jini ya zuba.

Ƙasa tsakanin gulabe biyu

Kafin maganar sarakuna sai an fara da ruwa. Gulbin Gagare ya biyo ta Ƙauran Namoda ya nufi arewa. Gulbin Bunsuru ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa ƙasar Zurmi. Su biyun sun haɗu a wajen Isa, inda suka zama Gulbin Rima. Da damina sukan cika su malala, da rani su janye su bar fadama mai danshi. A tudu manomi yana shuka gero da dawa da wake da auduga, a fadama kuma shinkafa da albasa da rake. Idan an kawar da amfanin gona, makiyayi ya shigo da shanu su ci kara da harawa su bar taki, matansa su kawo nono su koma da hatsi. A kan wannan musaya rayuwar yankin ta ginu, kuma saboda ita ne baƙi suka yi ta kwararowa.

Labarin baka na Zamfarawa ya ce daularsu ta faro ne a Dutsi, wadda ke ƙasar Zurmi a yau. Yana ambaton Dakka a matsayin kakan sarakuna, yana kuma lissafa sarauniya 'Yargoje cikin waɗanda suka yi mulki a zamanin farko. Daga baya fada ta koma Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yanzu. Ke nan zuciyar tsohuwar Zamfara a arewa take, a wannan yanki da ake yi wa kallon ƙurya a yau. Gusau ba ta kafu ba sai a zamanin jihadi, a farkon ƙarni na 19.

Sunan Zamfara ya fita duniya tun da daɗewa. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ambace ta a littafinsa na bayanin Afirka da aka buga a ƙasar Italiya a 1550, ya siffanta ta da yawan hatsi da shinkafa da auduga. A ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18 daular ta kai ganiyarta. Tana cikin waɗanda suka karya ƙarfin Kabi, kuma tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin yadda Zamfarawa suka kawo yaƙi har ƙasar Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, suka kuma yi galaba a filin daga.

Tsarin sarautunta ma yana nuna abin da daular ta fi damuwa da shi. Cikin manyan 'yan majalisar Sarkin Zamfara akwai Sarkin Rafi da Sarkin Tudu, sunaye biyu da suka raba ƙasa yadda manomi ke raba ta. Akwai Sarkin Bazai, akwai kuma Sarkin Ƙaya, sarautar da har yau ake ji a Maradun. Kalmar Bazamfare kanta tana da fuska biyu tun asali. Akwai Bazamfare na jini, mai tsagar gidansu a kumatu, wanda ke danganta kansa da mutanen Dutsi. Akwai kuma wanda zama ya mayar Bazamfare: Bakatsine da Babarbare da Baburme da Bafulatani, waɗanda suka sami gona ko mashaya, suka bi sarki, 'ya'yansu suka tashi da harshen wurin.

Baƙon da ya gaji gida

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma baƙon da ya sauka a Zamfara a ƙarni na 18 bai bushe da fitowar rana ba. Gobirawa sun daɗe suna gangarowa kudu saboda matsin Abzinawa, daga Azbin zuwa Birnin Lalle, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, har suka iso kwarin Rima. Sun fara shigowa ne a matsayin manoma da mayaƙan haya, sarakunan Zamfara kuma suka karɓe su, domin daula mai yaƙi da maƙwabta kullum tana bukatar dawaki da mazaje. Labarin da aka gada ya ce an ba su wurin zama a gonakin Alƙalin Zamfara, daga nan sunan Alƙalawa ya samo asali. Ya kuma ce Sarkin Gobir Babari ya aurar da 'yar'uwarsa Fara ga Sarkin Zamfara Maroƙi, don a ƙulla zumunci.

Zumuncin bai hana abin da ya biyo baya ba. A wajajen 1762 Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Maroƙi ya tsere zuwa Kiyawa, gari mai ganuwa a gabashin Ƙauran Namoda ta yanzu, Alƙalawa kuma ta zama babban birnin Gobir. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: daular da ta gaji da yaƙe-yaƙe, ta kuma dogara ga baƙi wajen tsaron kanta, ita ce ta faɗi cikin ɗan lokaci.

Faɗuwar Birnin Zamfara ta tarwatsa gidan sarauta. Magada suka yi ta yawo da sunan sarautar daga gari zuwa gari, Kiyawa da Banga da Sabon Gari, kafin daga bisani su tabbata a Anka. Wannan shi ne asalin Sarkin Zamfara na farko cikin biyun da muka ambata: na Anka shi ne magajin tsohon gidan Dutsi. Talakawa kuwa yawancinsu suna nan a gonakinsu, sai dai haraji ya koma Alƙalawa, kuma kowane gari mai ganuwa ya fara lissafin yadda zai tsira da kansa.

Shehu, Alibawa da yaƙin Fafara

Cikin wannan hali na ƙasa marar uba Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo Zamfara da wa'azi a shekarun 1780. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta a Tazyinul Waraƙati cewa sun yi kimanin shekara biyar a can suna kiran mutane zuwa ga addini, kuma garin Faru yana cikin wuraren da suka zauna. Mutanen da suka rasa daularsu, suke kuma biyan haraji ga wanda ya ci su da yaƙi, sun saurari malamin da ke maganar adalci da kunne biyu. A taron Babbar Salla da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya kira malamai a Magami, a wajajen 1788, Shehu ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da sassauta haraji da sakin fursunoni. An ruwaito cewa cikin waɗanda aka saka akwai Abarshi, magajin sarautar Zamfara.

Saboda haka da yaƙi ya ɓarke a 1804, Zamfarawa da yawa sun ga dama ce ta sauke nauyin Gobir. Bayan asarar da jama'ar Shehu suka yi a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, Zamfara suka nufa, suka yi watanni a Sabon Gari cikin 1805. A nan ne amana ta fara tsami. Runduna mai dubban baki ta sauka a kan ƙauyuka a lokacin yunwa, abinci ya yi ƙaranci, wasu mayaƙa suka shiga ɗibar na mutane da ƙarfi. Muhammadu Bello bai ɓoye wannan ba a Infaƙul Maisuri, inda ya nuna cewa zaluncin wasu daga cikin jama'a yana cikin abin da ya juyar da Zamfarawa. Kafin shekara ta zagayo, garuruwa da dama da suka yi maraba da jihadi sun koma abokan gaba. Rumbu ne ya raba su, tun kafin a kai ga maganar asali.

A gabashin Zamfara kuwa akwai wani reshe na Fulani da ake kira Alibawa, waɗanda suka riga jihadi zama a wurin, suka san kowane kwari da mashaya. Daga cikinsu Abu Hamidu ya fito, wanda ya karɓi tuta, da Muhammadu Namoda, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan jarumawan yaƙin. A 1806 rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Abzinawa da masu mara musu baya ta nufo Zurmi, Namoda ya tare ta a Fafara ya karya ta. Wannan nasara ta buɗe hanya tsakanin jama'ar Shehu da magoya bayansu na Katsina da Kano. A watan Oktoba na 1808, da aka yi wa Alƙalawa ƙawanya ta ƙarshe, Namoda na cikin shugabannin rundunonin da suka ci birnin, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bai daɗe bayan haka ba, a wajajen 1810, shi ma ya kwanta dama a yaƙin Kiyawa.

Daga nan sauran sunayen suka fito. Gidan Abu Hamidu a Zurmi ya sami sarautar Sarkin Zamfara daga hannun shugabannin jihadi, shi ne na biyu. Dangin Namoda a Ƙaura suka riƙe sunan Sarkin Kiyawa, garin da jaruminsu ya faɗi a bakinsa. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka yi nasara ba su shafe tsofaffin sunaye ba. Sun ɗauke su sun yafa, domin sun san ba a mulkin ƙasa sai da sunan da mutanenta suka sani. Bafulatani ya zama Sarkin Zamfara, jikan Shehu ya zama Sarkin Gobir, kuma cikin 'yan tsararraki auratayya da harshe suka haɗa fada da gari.

Ƙarni guda a bakin daga

Cin Alƙalawa bai kawo ƙarshen yaƙi ba. Sarakunan Katsina da aka kora sun kafa sabon zama a Maraɗi. Gobirawa, bayan kashin da suka sha a hannun Sarkin Musulmi Bello a Gawakuke a 1836, sun kafa Tsibiri kusa da su. Daga waɗannan garuruwa biyu hare-hare suka riƙa fitowa kusan kowane rani har ƙarshen ƙarnin, musamman a zamanin Ɗanbaskore na Maraɗi. Zurmi da Moriki da Ƙaura da garuruwan kwarin Rima su ne garkuwar Sakkwato ta gabas, kuma ta cikinsu babbar hanyar Sakkwato zuwa Katsina da Kano ta bi.

Matafiya biyu na Turai sun bar mana hoton wannan zamani. Hugh Clapperton, ɗan Birtaniya, ya bi ta Zurmi a 1824, ya same ta a matsayin babban garin lardin Zamfara. Ya rubuta abin da abokan tafiyarsa suka gaya masa, cewa garin mafakar bayin da suka gudo ne daga ko'ina, kuma mutanensa sun yi suna da sata. Mai karatu zai lura cewa wannan shaida ce ta fatake masu tsoron kayansu, kuma garin da bawa ke gudowa ya sami 'yanci dole iyayen gijin bayi su ba shi mummunan suna. Duk da haka maganar ta nuna wani abu na gaskiya game da bakin iyaka: wuri ne da hannun hukuma ke isa da ƙyar, mai neman tsira da mai neman ɓarna duk sukan fake a cikinsa.

Heinrich Barth, Bajamushe, ya biyo wannan hanya a 1853. Ya ga duwatsun Dutsi, ya ga kasuwar Badarawa, a ƙasar Shinkafi ta yau, cike da jama'a da auduga, ya kuma ratsa dajin Gundumi, wanda ayari ke ƙetarewa cikin dare ba tsayawa saboda ƙishirwa da tsoron mahara. A bakin wannan daji ya tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansani, yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Barth ya lura da wani canji tun bayan zuwan Clapperton: ikon Sarkin Zurmi ya ragu, domin an bar kowane gari mai ganuwa da nasa mai mulki, wanda ke sauraron Sakkwato kai tsaye.

Wannan tsari ya bambanta Zamfara da Kano ko Katsina ko Zazzau, inda sarki ɗaya ya gaji daula ɗaya. Ga Sakkwato dabara ce mai ma'ana, tunda ƙasar da aka rarraba ba za ta yi tawaye da murya ɗaya ba. Ga mutanen wurin kuwa sakamakon shi ne ba su da wata cibiya tasu da za ta haɗa ƙarfinsu, ko ta raba gardama tsakanin gari da gari. Tsaronsu ya rataya ne ga ganuwa, da mazajen gari, da fitowar Sarkin Musulmi da runduna idan abu ya yi tsanani. Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu a Ƙauran Namoda ya rasu a 1891, kuma a can kabarinsa yake.

Turawa, dogo da kasuwa

Yaƙin Turawa ma ta wannan hanya ya bi. Lokacin da Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarkin Kano Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, ya rabu da rundunarsa cikin dare, Waziri Ahmadu kuma ya ci gaba da waɗanda suka zaɓi faɗa har ya faɗi a Kwatarkwashi. Sojojin Birtaniya sun yada zango a Ƙaura kafin su wuce su ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris.

Mulkin mallaka ya yi wa yankin abubuwa uku. Na farko, ya ja iyaka. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun bar Maraɗi da Tsibiri a hannun Faransa, Zurmi da Shinkafi a hannun Ingila, hare-haren rani suka tsaya, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka kafa ƙauyuka da tungaye a dazuzzukan da dā ba a iya kwana. Na biyu, ya mayar da sarakunan Zamfara hakimai a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, wato ya tabbatar da rarrabuwar da ya tarar. Na uku, ya kawo dogo. A 1929 layin jirgin ƙasa daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya suka zo suka zauna. Shinkafi kuma ta gaji matsayin da Barth ya gani a Badarawa: kasuwarta ta ranar Alhamis ta zama mahaɗar dabbobi da hatsi tsakanin Nijar da kudancin Nijeriya.

A waɗannan shekaru na kwanciyar hankali al'adun yankin suka yi fure. Harshensu Hausar yamma ce, wadda ake kira Zamfarci, 'yar'uwar Sakkwatanci da Gobirci: a ce "mi" a wurin "me", "yat tashi" a wurin "ya tashi", "ɗiya" a wurin "'ya'ya", "zaka" a wurin "zo". Da wannan harshe Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu waƙoƙin da har yau malaman jami'a ke nazari. Da shi kuma Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, har da ɓarayin da suka yi suna a zamaninsa. Makaɗan biyu sun wakilci fuskoki biyu na ƙasar: fada mai tsari da nasaba, da daji mai jarumtar da ba ta jiran izinin kowa. Dambe da kokawa da farautar rani duk daga wannan tushe na mazantakar bakin iyaka suka sha ruwa.

Yadda tsarin ya warware

Dazuzzukan da suka kasance fagen yaƙi a ƙarni na 19 su ne gwamnati ta keɓe a ƙarni na 20. Bayan dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, babban dajin da ke gabashin Zurmi, wanda ya haɗe da dajin Rugu na Katsina, ya zama makiyaya ta hukuma, da 'yan ƙauyukan manoma a cikinsa irin su Dumburum da Shamushalle. An shata burtali, an tanadi mashaya. Manomi ya san iyakarsa, makiyayi ya san hanyarsa, idan shanu suka yi ɓarna kuma akwai mai gari da arɗo da za su zauna su yanke diyya.

Abubuwa da yawa suka taru suka ci wannan tsari. Farin 1973 da na 1984 sun turo mutane da dabbobi daga arewa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka shiga burtali, noman rani ya rufe hanyar zuwa gulbi. Takin zamani ya rage bukatar manomi ga kashin shanu, kara da harawa kuma suka zama abin sayarwa, sai musayar da ta haɗa mutanen biyu ta raunana. Jihar Zamfara da aka ƙirƙira ranar 1 ga Oktoba 1996 ta dawo da tsohon suna kan taswira, aka ɗaga darajar hakimai da dama zuwa sarakuna, amma filayen daji sun ci gaba da zama abin rabo ga masu hannu da shuni. Makiyayi ya riƙa kukan tara marar ƙa'ida a kotu da ofishin 'yan sanda, manomi ya riƙa kukan ɓarnar da ba a biya. Da satar shanu da fashi suka yawaita, hukuma kuma ta yi nisa, 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannu, aka riƙa kashe mutane a kasuwa bisa zargi. Ramuwa ta biyo baya, makamai suka shigo ta iyakar da ba ta da tsaro, musamman bayan rushewar Libiya a 2011, rikicin kuma ya rikiɗe ya zama sana'ar garkuwa da mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji.

Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ba da rahoton asarar dubban rayuka, ya kuma zargi wasu masu riƙe da sarauta da jami'an gwamnati da hannu a ciki. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako. Dazuzzukan Dumburum da Sububu sun koma abin da Gundumi ta kasance a zamanin Barth, mutanen ƙauye kuma suna komawa manyan garuruwa kamar yadda kakanninsu suka koma cikin ganuwa.

Abin da sunayen ke koyarwa

Tarihin nan bai wanke kowa ba. Wanda ya ƙona ƙauye ko ya sace matan aure mai laifi ne, ko wace irin ƙorafi ya zo da ita, haka ma wanda ya yanka bawan Allah a kasuwa don kamanninsa. Tarihin bai kuma nuna wani zamani na zinariya da ba a taɓa faɗa ba, domin ƙasar ta ga 1762, ta ga 1805, ta ga ƙarni guda na hare-hare. Abin da ya nuna shi ne, layin faɗa bai taɓa tsayawa a kan ƙabila ba. Gobirawa da Zamfarawa duk Hausawa ne, suka ci juna da yaƙi. Zamfarawa sun bi Shehu, sannan suka juya saboda hatsi. Fulanin da ke sarauta a Zurmi da Ƙaura sun shekara ɗari suna tsare manoma Hausawa daga mahara Hausawa na Maraɗi. A yau ma Bafulatanin da aka kore wa shanu da Bahaushen da aka hana noma hannu ɗaya ne ya cuce su. Wanda ya karanta rikicin a matsayin yaƙin jini da jini zai nemi maganinsa a wajen kawar da wata al'umma, kuma wannan hanya ba ta da ƙarshe a ƙasar da kusan kowane gida ke da kaka a ɓangarorin biyu.

Darasi na biyu ya shafi hukuma. Tun faɗuwar Birnin Zamfara ake mulkin wannan yanki daga nesa, daga Alƙalawa, daga Sakkwato, daga Kaduna, yanzu daga Gusau da Abuja, kuma kowace cibiya takan tuna da shi ne idan hanya ta toshe. Soja na iya buɗe hanya, kamar yadda rundunar Sarkin Musulmi ta riƙa yi. Abin da ya riƙe zaman lafiya na tsawon shekaru kuwa ƙanana ne a ido: burtalin da aka shata aka kuma tsare, alƙalin da ba a saye, kasuwar da kowa ke shiga ya fita da ransa, da mai gari da arɗo da ke da ikon yanke magana a wurin da abin ya faru.

Akwai kuma aikin da ya rage ga masu ilimi. Manyan rubuce-rubuce biyu a kan tsohuwar Zamfara su ne littafin Kurt Krieger na 1959, da Jamusanci, da kundin digirin digirgir na Garba Nadama a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, da Ingilishi, shi Nadaman da ya zama gwamnan Jihar Sakkwato daga baya. Dukansu sun dogara ƙwarai ga abin da dattawa suka faɗa da baki. Magadan waɗannan dattawa, masu riƙe da jerin sarakuna da tarihin kafuwar kowane ƙauye da iyakar kowace fadama, da yawansu yau suna zaman gudun hijira a gidajen dangi a Ƙaura da Shinkafi da Gusau. Ranar da ƙura ta lafa, za a koma a tambayi gonar wane ce wannan, ina burtali ya bi, wa ya fara haƙa wannan rijiya. Amsoshin suna bakin mutanen nan, kuma ɗalibi ɗaya mai waya da littafin rubutu zai iya ɗaukar na ƙauye guda cikin mako.